Ƙofar Haske a Kyamarar Wayar Hannu

A bukukuwan aure da suna na Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, wayar hannu ta kusa karɓe aikin mai hoto. Sai dai hoton da aka ɗauka da hantsi yakan fita tar, na dare kuwa, a ƙarƙashin rumfar biki, sai ya zo dishi-dishi. Babban dalili shi ne yawan hasken da ke shiga kyamara.

Haske yana bi ta wata 'yar kafa ne, wadda za a iya kira ƙofar haske. Ana nuna faɗinta da harafin f da lamba, kuma lissafin a juye yake, wato f/1.8 ta fi f/4 faɗi. Mai babbar kyamara yana buɗe ta da dare, ya tsuke ta da rana, kamar yadda ƙwayar ido ke yi. Yawancin wayoyi ba su da wannan dama, ƙofarsu a kafe take. Kamfanin Samsung ya fitar da Galaxy S9 a 2018, mai sauyawa tsakanin f/1.5 da f/2.4, amma da ya zo kan S20 a 2020 sai ya bar dabarar.

To, yaya waya ke dusashe abin da ke bayan amarya? Galibi aikin manhaja ne, kuma takan yi kuskure, shi ya sa gefen gyale ke narkewa cikin bango.

A shagunan waya na Adum yawan megafiksel aka fi tallatawa. Ga mai ɗaukar hoton dare, lambar f da girman farantin da ke karɓar haske sun fi wannan amfani nesa ba kusa ba.