Idan Sabis Ya Ɗauke, Fara Leƙa Wayar Maƙwabcinka

Duk wanda wayarsa ta nuna babu sabis, a Taloka yake ko Goronyo ko Wurno, kafin ya fara yi wa kamfani Allah ya isa, ya fara tambayar na kusa da shi mai layi irin nasa. Idan shi ma shiru, matsalar ta gari ce, sai haƙuri da dabara. Idan kuwa wayar maƙwabci tana shiga tana fita, taka kaɗai ta mutu, ka kashe ka kunna, ka cire layin ka mayar, har yanzu babu, to kada ka kwana a kan maganar.

Abu biyu ne suka fi jawo haka. Ko dai an rufe layin saboda bai dace da lambar NIN ba, kamar yadda aka yi wa ɗimbin mutane a 2024, har a ƙarshen watan Yuli jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin kamfanoni, hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin a buɗe layukan. Ko kuma, wanda ya fi muni, wani ya je ya yi ƙaryar cewa shi ne kai, layinsa ya ɓata, aka ba shi sabo da lambarka. Daga lokacin da nasa ya kama, naka ya mutu, kuma duk saƙon banki wurinsa zai tafi. Wanda ya ga haka ya ari waya ya sa banki ya toshe asusunsa a ranar, sannan ya nufi ofishin kamfanin da katin shaidarsa. Shi ya sa ba a ba kowa lambar sirri ta kati, ko lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, komai daɗin bakin mai kira. 'Yan damfara sun san lokacin da sabis ke rawa ne mutane suka fi yarda da mai cewa "daga kamfani nake, za mu gyara maka layi". Kamfani ba ya gyaran layi da lambar asusunka.

Ɗaukewar da ta shafi kowa kuwa tana da sanadi da yawa, kuma mafi yawansu a ƙasa suke, ba a sama ba. Ƙarfen sabis ɗin da kake hange a bayan gari yana buƙatar wuta dare da rana. Inda wutar lantarki ba ta zama, janareta da batura da farantan sola ne ke riƙe da shi. Motar gas ta makara, ko ɓarayi su kwashe batura, ko injiniya ya ji tsoron hanya ya ƙi zuwa, gari ya yi tsit. Wannan na ƙarshe ba sabon labari ba ne a gabashin Sakkwato. Akwai kuma wayar da ke binne a gefen manyan hanyoyi, wadda ke haɗa turaku da cibiya. Katafilar masu aikin titi ta tsinka ta a wuri guda, garuruwa da dama su rasa sabis alhali ƙarfensu yana tsaye lafiya. Wani lokaci ma abin daga nesa yake zuwa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna a Najeriya suka rikice, mai POS a Achida ya sha zagin abin da ya faru a teku kusa da Kodebuwa.

Mutane da yawa suna riƙe layi biyu don gudun irin wannan, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai a sani, sau da yawa ƙarfe ɗaya ne ke ɗauke da na'urorin kamfanoni biyu ko uku, don akwai kamfanonin da aikinsu kawai su gina turke su ba da haya. Idan janaretan wannan turke ya tsaya, layukan duka tare za su tafi. Kafin ka sayi layi na biyu, lura da wanda ke saura a garinku ranar da sauran suka ɗauke. Haka nan idan intanet ya ƙi amma kira na shiga, mayar da wayar kan 2G. Gajeren saƙo da lambobin banki masu farawa da tauraro sukan wuce a nan.

Mutanen wannan yanki sun ga irin ɗaukewar da ba janareta ya jawo ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a hana 'yan bindiga magana da masu ba su bayanai. Katsina ta bi a wasu ƙananan hukumomi, sannan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da rufe sabis a 14 daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Sakkwato, ciki har da Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni. Ba kwana ɗaya ba, ba mako ɗaya ba. Mai albasa ya daina jin farashin Legas kafin ya yi lodi. Ɗan cirani ya rasa yadda zai aiko wa gida kuɗi. Mai son kiran ɗan'uwansa sai ya biya kuɗin mota zuwa inda ake samun sabis, ko ya ba direba takarda kamar zamanin da. A garuruwan bakin iyaka wasu suka koma neman layin Nijar, wanda dokar Abuja ba ta kai gare shi ba, kuma ba mutanen kirki kaɗai suka san da wannan ba. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na shekarar, 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Goronyo. Gwamnatin jiha ta ce mutum 43 aka kashe. Ana iya gardama a kan ko rufe layin ya taimaki jami'an tsaro, amma a ranar babu wayar da mai neman agaji zai ɗaga. A ganina duk hukumar da za ta sake ɗaukar irin wannan mataki, wajibinta ne ta fara tanadar wa jama'a hanyar kai rahoto.

A kwanakin yau da kullum, asarar da ɗaukewar sabis ke jawowa a wurin kuɗi take. Ka tsaya gaban rumfar mai POS ranar kasuwa ka gani. Mutum ya sayar da buhunan albasa ko tafarnuwa, mai saye ya ce ya tura, ya nuna hoton rasit a wayarsa, mai kaya kuwa bai ga alat ba. "Sabis ne, zai shigo." Mota ta cika, direba yana danna oda. A nan ake cin mutane. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsa, har saƙon alat ma ana yin na bogi. Abin dogaro shi ne ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun ƙaru. In ba hali, kaya su tsaya, ko a ajiye su hannun dillalin da kowa ya amince da shi har a ga shigowar kuɗi.

Mai turawa shi ma yana da nasa tarkon. Ya danna, waya ta yi ta juyi, ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce ya faɗi ba, sai ya sake dannawa. Da dare sabis ya dawo, ya tarar sau biyu aka cira. Kada a maimaita sai an duba abin da ya rage a asusu. Idan na'urar POS ta ce bai yi ba alhali an cire maka kuɗi, karɓi 'yar takardar da ta fito, ko ka ɗauki hotonta, domin rubutunta yana gogewa cikin aljihu da zafi. Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade tun 2020 cewa rigimar kuɗin POS a warware ta cikin awa 72. Bankinka za ka kai wa ƙorafin. Mai POS galibi bai ga kuɗin ba, riƙe masa wuyan riga ba zai fito da su ba.

Saura maganar haƙƙi, wadda aka fi yin sakaci da ita. A Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya biya ƙarin yana da bakin tambayar abin da ya saya. A shekarar dai hukumar ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a idan an sami babbar ɗaukewar sabis, su faɗi dalili da wuraren da ta shafa da lokacin da ake sa ran gyara, kuma idan ta wuce awa 24 su rama wa masu layi, misali ta ƙara kwanakin data. Amma ga inda gizo ke saƙar: ma'aunin "babba" ya haɗa da abubuwa kamar shafar ƙananan hukumomi biyar ko fiye. Turke ɗaya da ya mutu a Taloka, ko ya yi mako, da wuya ya shiga wannan lissafi da kansa. Sai an kai ƙara.

Hanyar ba ta da wuya. A kira 300, lambar kula da masu hulɗa ce a duk layuka, a faɗi sunan gari da ranar da sabis ya ɗauke, a nemi lambar ƙorafi a rubuta ta. Idan ba a ga gyara ba, a kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Lambar ƙorafin nan za su fara tambaya. I, na san abin dariya ne a ce ka kira don ka ce ba ka iya kira. Ana yi idan sabis ya leƙo, ko daga gari na gaba. Ƙorafin mutum ɗaya yakan nutse, amma idan ƙungiyar masu POS da dillalan albasa da malaman makaranta suka kira a mako guda da sunan gari guda, kowa da lambarsa, sannan mai gari ko kansila ya haɗa lambobin a takarda ɗaya zuwa ofishin kamfanin a Sakkwato, to an bar maganar teburin mai shayi, an shiga abin da hukuma za ta iya tuhumar kamfani a kansa.