Rigimar Dakta Doom: Ana Faɗa Kan Ɗan Wasa, An Manta Da Mai Zane

Ranar 27 ga Yuli, 2024, a babban taron masoya littattafan zane da ake yi duk shekara a San Diego ta Amurka, wasu mutane sanye da koriyar alkyabba da ƙarfen rufe fuska suka jeru a kan dandamali. Ɗaya ya tako gaba ya cire ƙarfen, sai ga Robert Downey Jr. Zauren ya kaure da sowa. Kamfanin Marvel ya ce shi zai fito a Dakta Doom, bos ɗin fim ɗin Avengers: Doomsday, wanda aka tsayar da fitarsa a Disamban 2026. Tun daga ranar musu bai lafa ba a Facebook da X da YouTube, kuma duk sabon hoton da ya fito sai a sake taso shi.

Masu ƙorafi na da hujjarsu. Downey ya shafe shekara 11 yana fitowa a Iron Man, daga 2008 har zuwa mutuwar jarumin a Avengers: Endgame a 2019, ta yaya kuma fuska ɗaya za ta zama ta jarumi da ta bos? Wasu suka ce Doom na cikin littafi ba ya cire ƙarfen fuskarsa saboda tabon da ke ƙarƙashi, kuma babu kamfanin da zai biya makudan kuɗi sannan ya ɓoye fuskar da ya saya. Wasu kuma suka tuna cewa tun 1964 littafin ya nuna Doom ɗan ƙabilar Romani ne, mutanen da asalinsu arewacin Indiya ne, suka warwatsu a Turai suna shan tsangwama, har 'yan Nazi suka hallaka dubban ɗaruruwansu. A ganinsu ɗan wasa daga wannan al'umma ya kamata a nema. Masu goyon baya kuwa Oscar ɗin da Downey ya ci a Maris ɗin 2024 suke nunawa, wanda ya samu da fitowa a maƙiyin jarumi a fim ɗin Oppenheimer.

Abin da yawancinsu ba su lura da shi ba, wannan zaɓi na 'yan kasuwa ne da ruwa ya ƙare musu. Asalin bos ɗin da aka shirya shi ne Kang, har an raɗa wa fim ɗin suna The Kang Dynasty. A Disamban 2023 wata kotu a New York ta sami Jonathan Majors, mai fitowa a Kang, da laifin cin zarafin tsohuwar budurwarsa, Marvel ya sallame shi a ranar. A shekarar kuma fim ɗin The Marvels ya tashi da kimanin dala miliyan 206 kacal, mafi ƙanƙanta a jerin finafinan kamfanin, alhali Endgame ya kusa biliyan 2.8. Kamfanin da ya ga haka ba gwaji zai yi ba, tsohuwar fuskar da ta saba cika sinima zai kira.

Hukuncin 'yan kallo kafin a ga fim ba abin dogaro ba ne ma. A 1988 da aka ce Michael Keaton zai yi Batman, wasiƙun ƙin amincewa kusan 50,000 aka aika wa Warner Bros, fim ɗin ya fito a 1989 ya ci kasuwa. A 2006 an yi wa Heath Ledger dariya da aka ba shi Joker, ana cewa yaron finafinan soyayya ne. Ya rasu a Janairun 2008, kafin fitowar The Dark Knight, aka ba shi Oscar a 2009. Sai dai wani lokacin masu guna-gunin kan dace, kamar yadda aka gani da Lex Luthor ɗin Jesse Eisenberg a 2016, wanda bai gamsar da mutane da yawa ba.

To amma waye ya haifi Doom ɗin da ake ta wannan kace-nace a kansa? Tambayi goma cikin masu musun, da wuya biyu su ambaci Jack Kirby.

An haifi Kirby a 1917 a unguwar talakawa ta New York, iyayensa Yahudawa ne baƙin haure daga Ostiriya. Shi da Joe Simon suka ƙirƙiro Captain America a 1940, sannan ya tafi Turai ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin soja. Daga 1961 shi da Stan Lee suka fito da Fantastic Four, da Hulk, da Thor, da X-Men, da Avengers, da Black Panther a 1966. Doom ya fara bayyana a fitowa ta 5 ta Fantastic Four a 1962. Magneto da Loki da Galactus, har da Kang ɗin da aka yar, duk hannun Kirby ne ya zana su. Yadda ake aikin a lokacin, Lee kan ba da ƙashin labari a taƙaice, wani sa'in a baki kawai, Kirby ya zauna ya tsara faɗa da tafiyar labarin shafi bayan shafi, daga baya Lee ya sa maganganu. Ana biyan Kirby kuɗin shafi, shi ke nan. Ba shi da kaso a hajar da aka sayar da zanensa, ba shi da mallakar ko ɗaya daga cikinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1970 ya yi fushi ya koma kamfanin DC. A shekarun 1980 sai da aka yi doguwar rigima kafin Marvel ya mayar masa da takardun zanensa na asali, kuma abin da ya karɓa a 1987 kimanin shafi 2,000 ne cikin sama da 10,000 da ya zana musu. Ya rasu a 1994. Lee kuwa ya rayu har 2018, yana leƙowa a kusan kowane fim na Marvel ana tafa masa, har matasa da dama suka ɗauka shi kaɗai ne uban wannan duniya. Da Disney ya sayi Marvel kan dala biliyan 4 a 2009, 'ya'yan Kirby suka nemi haƙƙin mallakar ayyukan mahaifinsu. Kotu biyu suka ce aikin ƙwadago ya yi, don haka na kamfani ne. Sai a Satumban 2014, ana saura kwanaki Kotun Ƙolin Amurka ta duba ko za ta saurari ƙarar, aka sasanta a asirce.

Ba shi kaɗai ba ne. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman kan dala 130 a 1938. Bill Finger, wanda ya tsara yawancin siffar Batman kuma yana cikin waɗanda suka samar da Joker, ya mutu cikin talauci a 1974, sunansa bai hau kan Batman ba sai a 2015. Kada kuma wani ya ce ai tsohon zance ne. Jim Starlin, wanda ya ƙirƙiri Thanos, ya faɗa a fili cewa kuɗin da DC ya ba shi saboda wani ƙaramin mugu da ya gilma a Batman v Superman ya fi abin da ya samu a lokacin daga Marvel kan Thanos da Gamora da Drax a haɗe. Ed Brubaker, wanda ya rubuta labarin Winter Soldier, ya ce 'yar leƙowar da ya yi a fim ɗin ta fi kawo masa kuɗi a kan ƙirƙirar jarumin. Jaridar Guardian ta ruwaito a 2021 cewa abin da Marvel ya saba ba marubuci idan an yi fim da labarinsa shi ne dala 5,000 da katin gayyatar kallon farko. A gefe guda mujallar Variety ta ce daraktocin sababbin finafinan Avengers biyu, 'yan'uwan nan Russo, za su karɓi dala miliyan 80, na Downey kuma ya zarce haka nesa.

Abin takaicin shi ne 'yan kallo na da ƙarfi, kuma kamfanonin sun sani. Ihun intanet ne ya sa aka sake zana Sonic a 2019, aka ɗage fim ɗin da watanni. Shi ne ya sa Warner ya kashe kusan dala miliyan 70 ya fitar da Justice League na Zack Snyder a 2021. Ko a 1975, surutun jama'a da jaridu, wanda mazana Neal Adams da Jerry Robinson suka jagoranta, shi ya tilasta wa Warner ba Siegel da Shuster dala 20,000 kowannensu duk shekara tare da mayar da sunansu kan Superman. Kenan an taɓa yi, an kuma ci nasara. Amma yau duk wannan ƙarfi kan launin alkyabba da muryar ɗan wasa yake ƙarewa.

Masoya Marvel sun saba zama har ƙarshen rubutun sunaye, suna jiran ɗan guntun da ake liƙawa a baya. A cikin wannan dogon jerin, can ƙasa wajen godiya ta musamman, ake cusa sunayen yawancin marubuta da mazanan da aka ɗebo labarinsu. Duk wanda ya sami lokacin rubuta dogon sharhi kan ko Downey ya dace da Doom, to ya sami lokacin karanta waɗannan sunaye, ya kuma tambayi Disney a shafukan da yake musun nawa aka biya su.