Cinikin Iyafis a Kasuwar Muda Lawal: Yadda Araha ke Cinye Kuɗin Mai Saye da Sunan Mai Sayarwa

An fi sanin Kasuwar Muda Lawal da ke cikin birnin Bauchi da cinikin doya da kayan marmari da kayan miya, da kuma tashar motar da ke maƙwabtaka da ita. To amma kamar sauran manyan kasuwannin ƙasar nan, yawan jama'ar da ke shige da fice a cikinta ya buɗe ƙofa ga masu tebura da masu talla da ke sayar da kayan wayar salula, irin su caja da batir da kuma 'yar na'urar nan mai igiya da ake cusawa a kunne domin sauraron kiɗa ko rediyo, wadda mai saye da mai sayarwa suke kira iyafis. Ƙaramin kaya ne da ba ya cika tafin hannu, amma cinikinsa yana nuna wata babbar matsala da ke damun kasuwancin Nijeriya, wato yadda kaya mara inganci ke korar mai inganci a duk inda mai saye ba shi da hanyar rarrabe su.

Tun lokacin da kamfanin Sony ya fito da rakodar aljihu ta Walkman a shekarar 1979 sauraro ta kunne ya zama ruwan dare a duniya, sa'an nan shigowar wayar salula Nijeriya a cikin watan Agustan 2001 ya kai wannan al'ada har ƙauyuka. Da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga wayarsa ta iPhone 7 a 2016, da yawa sun ɗauka cewa ƙarshen mai igiya ya zo, kuma mara igiya na Bluetooth zai maye gurbinsa. Ya zuwa yanzu hakan bai tabbata a kasuwannin Arewa ba, kuma dalilan na tattalin arziki ne. Mai igiya ba ya bukatar caji, abin da ke da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Ba shi da batirin da zai mutu, kuma kunne ɗaya ba ya faɗuwa ya ɓace. Bugu da ƙari, a yawancin wayoyi igiyar ce ke zama eriyar rediyon FM, saboda haka mai son kama Rediyon Bauchi ko Globe FM ba tare da ƙona data ba, dole ya nemi mai igiya. Kazalika wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa kuma suka fi yawa a hannun talakawa, da dama daga cikinsu suna fitowa da ramin nan mai faɗin milimita 3.5.

Kusan duk iyafis ɗin da ke kan teburin ɗan kasuwar Bauchi daga waje aka shigo da shi, galibi daga biranen Shenzhen da Guangzhou na ƙasar Sin. Yana sauka a Legas, ya shiga hannun manyan diloli a Kasuwar Alaba ko Computer Village da ke Ikeja, daga nan ya hauro Arewa, sau da yawa ta kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kafin ya iso ga mai sari a Bauchi. Kowane hannu da kayan ya bi sai ya ɗora ribarsa, ban da kuɗin fito na kwastan da harajin VAT, wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020.

Idan za a iya tunawa, a ranar 29 ga Mayun 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, abin da ya ninka kuɗin dakon kaya. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji ya bar Naira ta nemi farashinta. Dalar da ake samu a kan kimanin N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a farkon 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024. A irin wannan hali mai shigo da kaya yana da zaɓi biyu: ko ya kawo kaya mai inganci ya ƙara masa kuɗi, ko ya riƙe tsohon farashi ya nemi masana'antar da za ta rage kaurin tagullar da ke cikin igiya, ta sa roba mai rauni. Zaɓi na biyu ya fi sauƙin sayarwa, domin kuwa mai saye farashi yake gani, ba ya ganin abin da ke cikin igiya.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan matsala. A 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayani a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa idan mai saye ba zai iya bambance mota mai kyau da mai matsala ba, to ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba. Sakamakon haka masu motoci masu kyau sai su janye daga kasuwa, a bar wa mutane na banza. Wannan nazari na daga cikin abin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Haka abin yake a kan teburin iyafis. Kwalin jabu da na gaske kusan iri ɗaya ne, sunan kamfanin da aka buga ɗaya ne, kuma wanda aka taɓa cuta sau biyu yakan yanke shawarar sayen mafi araha kawai, tunda a ganinsa duk kanwar ja ce.

Sai dai lissafi bai goyi bayan wannan shawara ba. A ɗauka, don misali kawai, cewa akwai iyafis na N1,500 da ke lalacewa bayan wata biyu, akwai kuma na N5,000 da zai shekara. Mai sayen na farko zai kashe N9,000 a shekara, wato kusan ninki biyu na abin da na biyu ya kashe, kuma fiye da kashi goma cikin ɗari na mafi ƙarancin albashin wata, N70,000, da aka amince da shi a watan Yulin 2024. Ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi shi ne kuɗin da kayan ya ci a kowane wata na amfaninsa. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da cewa araha ba ta ado. Amma tsada ita ma ba shaida ba ce, domin jabu ma ana iya tsawwala masa kuɗi. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san abin da zai duba.

Abu na farko shi ne bakin da ke shiga waya. Idan zobba biyu ne a jikin ƙarfen, na sauraro ne kaɗai. Idan uku ne, yana da makirfon na amsa kira. Masu zobba uku ma tsari biyu ne, CTIA wanda yawancin wayoyin yau ke bi, da OMTP na wasu tsofaffin wayoyi. Idan tsarin bai dace da wayar ba, sauti zai fito dishi-dishi kamar daga cikin rijiya, kuma ya gyaru da zarar an danne maɓallin kira. Wanda wayarsa ba ta da ramin, sai na USB-C, ya kamata ya sani cewa wasu wayoyi ba sa aiki da kowane mahaɗi, sai mai ɗauke da ɗan injin sarrafa sauti a cikinsa.

Abu na biyu shi ne igiya. Yawancin lalacewa ba a cikin kunnen take faruwa ba, a gindin bakin ne, inda igiya ke lanƙwashewa a aljihu har siraran wayoyin ciki su tsinke, kunne ɗaya ya yi shiru. Don haka a nemi mai kauri da laushin roba a wannan gaɓa, kuma baki mai kusurwa ya fi miƙaƙƙe jure zaman aljihu. Abu na uku shi ne robar kunne. Kaya mai kyau yakan zo da girma uku, kuma robar da ta toshe kunne daidai ita ke fito da kaurin sauti, ta kuma rage hayaniyar waje.

Game da lambobin da ke bayan kwali kuwa, kada su ruɗi kowa. Rubutun 20 zuwa 20,000 Hz iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji ne, kuma kusan kowace masana'anta tana buga shi. Wanda ke da amfani shi ne na ohm: tsakanin 16 da 32 ya dace da ƙarfin waya. Babbar shaida dai ita ce gwaji. Mai saye ya jona a wayarsa, ya saurari muryar mai labarai da waƙar da ya sani sarai, ya tabbatar kunne biyu sun yi daidai da juna, ya motsa igiyar a gindi ya ji ko sauti zai yanke, sa'an nan ya kira wani ya gwada makirfon. Duk wannan bai wuce minti biyu ba, kuma ya fi cinikin biri a sama.

Akwai kuma asarar da ta fi ta kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙarfi. A ma'aunin hukumar, babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako, amma idan ya kai 90, awa 4 kacal ke nan. Ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar waya. Iyafis da ba ya toshe kunne yakan tilasta wa mai shi ƙure ƙara a cikin hayaniyar tasha ko kasuwa, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. A ɗaya ɓangaren, mai tuƙa babur ko Keke Napep bai kamata ya toshe kunnuwansa a kan titi ba ko kaɗan.

Ta fuskar doka, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, tana da shirin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci da mayar da mai aibi. Amma ba mai tafiya ofishin hukuma a kan kayan N2,000, saboda haka gyaran gaske yana hannun 'yan kasuwa.

A nan ne kuma riba take. Ɗan kasuwar da ke da tebur ko shago a wuri guda yana da abin da mai talla a tagar mota ba shi da shi, wato abokin ciniki zai iya dawowa ya same shi. Idan ya raba kayansa daraja-daraja, ya faɗi gaskiya a kan wanda yake kwafi, ya ajiye na gwaji guda ɗaya daga kowane iri, ya kuma ba da rasit da lamunin canji na 'yan kwanaki, to ya ba mai saye hujjar biyan ƙarin kuɗi. Shi ma sai ya nemi irin wannan lamuni daga dilansa na Kano ko Legas, ta yadda asarar kaya mara kyau za ta koma inda ta fito. Yana da kyau kuma a kiyaye kaya daga zafin rana da ƙurar hunturu, waɗanda ke busar da roba, kada kuma a zuba jari duka a kan baki iri ɗaya, ganin yadda sababbin wayoyi ke ƙara karkata zuwa USB-C.

Mai doya a Muda Lawal ya san cewa wanda ya sayar wa ruɓaɓɓiya ba zai sake tsayawa a gabansa ba. Mai iyafis da ya riƙe wannan ƙa'ida zai tarar cewa wanda ya gamsu da kayan dubu biyar yau, shi ne zai dawo gobe neman caja da batir, wata rana kuma ya zo sayen wayar kanta.