Gidan Wasan La Fenice na Birnin Benis: Tarihinsa da Tsarin Gininsa

1.0 Gabatarwa

Opera nau'i ne na wasan kwaikwayo wanda 'yan wasa kan rera maganganunsu cikin waƙa, tare da rakiyar makaɗa. An ƙirƙiro shi ne a ƙasar Italiya wajajen shekarar 1600. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin mashahuran gidajen da aka gina dominsa, wato La Fenice na birnin Benis, ta fuskar tarihi da tsarin gini, da kuma muhawarar da sake gina shi ta haifar.

2.0 Tarihin Kafuwa

Wata ƙungiyar attajirai ce ta gina gidan, bayan da ta rasa tsohon gidan wasanta mai suna San Benedetto a wata shari'a da ta yi da masu filin. Ƙungiyar ta shirya gasar zanen gini, Giannantonio Selva ya yi nasara, aka buɗe gidan ranar 16 ga Mayu, 1792. Sunan da aka raɗa masa na wata tsuntsuwa ce ta tatsuniyoyin Turawa, wadda aka ce takan ƙone ƙurmus, sa'annan ta sake rayuwa daga tokarta. Sunan kuwa ya bi shi, domin a watan Disamba na 1836 gobara ta cinye cikinsa. Wasu 'yan'uwa biyu, Tommaso da Giovanni Battista Meduna, suka sake gina shi cikin shekara guda, aka buɗe ranar 26 ga Disamba, 1837. A nan ne aka fara nuna wasannin Giuseppe Verdi guda 5, ciki har da Rigoletto a 1851 da La Traviata a 1853.

3.0 Tsarin Gini

Gidan yana da mashigai iri biyu, kamar yadda yanayin birnin ya tilasta: ɗaya ta tudu, a dandalin San Fantin, ɗaya kuma ta hanyar ruwa, domin masu zuwa cikin kwalekwale. Fuskarsa ba ta da yawan ado. Ginshiƙai ne irin na tsofaffin gine-ginen Girka da Rum. Ƙawar duk tana ciki. Zauren kallo yana da siffar kofaton doki, an kewaye shi da hawa 5 na ƙananan ɗakuna da baranda, waɗanda aka yi wa ado da ruwan zinariya. Wannan tsari yana da dalilai biyu. Na farko, a wancan zamani iyalai masu hali su ne suka mallaki ɗakunan, kuma kuɗinsu ne ya gina gidan. Siffar zauren takan ba su damar kallon wasa da kuma kallon juna. Na biyu, katakon da aka yi cikin zauren da shi yakan taimaka wajen kai muryar mawaƙi ga mai sauraro ba tare da lasifika ba. Sai dai wannan katakon shi ne abincin wuta.

4.0 Gobarar 1996 da Sake Gini

A daren 29 ga Janairu, 1996, lokacin da gidan yake rufe domin gyare-gyare, wuta ta sake tashi. An yi rashin sa'a an janye ruwan hanyoyin da ke kusa domin yashe su, abin da ya wahalar da 'yan kwana-kwana. Kusan bango kaɗai ya tsira. A 2001 kotu ta sami wasu ma'aikatan lantarki biyu da laifin cinna wutar, domin kauce wa tarar jinkirin aiki.

Hukumomin birnin sun yanke shawarar a mayar da gidan yadda yake, a inda yake, kamar dai yadda aka yi wa hasumiyar San Marco da ta rushe a 1902. An bi zanen Aldo Rossi, wanda ya rasu a 1997 kafin a kammala aikin. Masu sassaƙa da masu zane sun dogara ga tsofaffin hotuna, har da fim ɗin Senso na 1954 wanda aka ɗauki farkonsa a cikin zauren. An buɗe gidan ranar 14 ga Disamba, 2003, da kujeru kimanin 1,000.

5.0 Kammalawa

Ra'ayin masana ya rabu a kan wannan aiki. Wasu suna ganin kwaikwayo ne kawai, tun da hannun magina na asali ba ya dawowa, kuma an yi asarar damar gina sabon abu. Wasu kuwa suna nuni da cewa ginin da ya ƙone a 1996 shi kansa ba na 1792 ba ne. A ganinsu, abin da ake gado shi ne fasali da sana'a da al'adar taruwa, ba itacen ba. Tarihin gidan ya fi ƙarfafa ra'ayi na biyu, amma da sharaɗi: an iya maido da shi ne saboda an adana zane da hotuna, kuma akwai masu sana'ar da suka gaji aikin.