Faɗakarwa Ga Mai Son Mayar Da Tsohon Ɗakin Lambu Sito Da Ɗakin Rainon Shuka

Da wuya mutum ya shiga tsohon lambu a ƙasar Kano ko Zazzau bai tarar da wani ɗaki a can kusurwa ba, wanda aka gina tun zamanin iyaye domin mai gadi ko domin ajiyar albasa, yau kuwa babu kome cikinsa sai karyayyar garma da saƙar gizo. To, da yake masu lambu sun fara ganin amfanin rainon iri a killataccen wuri, da yawa daga cikinsu sukan ƙudura niyyar raba irin wannan ɗaki biyu, rabi ya zama sito na fartanya da mesa da injin ban ruwa, rabi kuma a yaye masa rufi a sa leda, ya zama wurin rainon tumatir da tattasai kafin dashe. Niyyar ba ta da aibi, hasali ma tattali ce, amma akwai sharuɗɗan da in ba a kiyaye su ba, abin da aka nufa da maslaha yakan juye ya zama mafsada.

Asalin wannan hikima daga ƙasashen sanyi ta fito. Turawan Ingila, da yake ranarsu ba ta da ƙarfi kuma ba ta hawa tsakiyar sama, sai ta karkata kudu a duk tsawon shekara, suka riƙa jingina ɗakin gilashi da bangon da ke fuskantar kudu, domin bangon ya sha zafi da rana, ya sake wa shuka shi da dare. Har a lambun Kew da ke Landan suka kammala katafaren ɗakin gilashi a 1848, domin su raya itatuwan ƙasashen zafi irin su kwakwa. Ke nan su zafi suke tarko. Mu kuwa da ma'auni kan kai digiri 40 a Kano cikin watan Afrilu, in muka kwaikwayi siffar ɗakinsu ba tare da mun fahimci dalilin da ya sa suka gina shi haka ba, tanderu kawai muka haɗa. Na taɓa ganin haka da idona a lambun wani dattijo, wanda ɗansa ya lulluɓe rabin ɗakin da leda ruf, sama da gefe, cikin watan Maris. Da asuba irin tumatir ɗin yana tsaye kore shar, amma kafin a kira Azahar duk ya kwanta a bedinsa kamar an kwara masa tafasasshen ruwa, ledar kuwa tana ta ɗigar da gumi. Ko babban tumatir ma, in zafin yini ya zarce digiri 35, furensa yakan kakkaɓe bai ƙulla ɗa ba, balle jaririn iri.

Abin da ke wajaba a ƙasarmu shi ne inuwa da iska da kariya daga ƙwari. Saboda haka leda ta tsaya a sama kaɗai, domin ta tare dukan ruwan damina, gefe kuwa a sa raga mai ƙananan idanu, a ɗaga rufin ya yi tsawo, a bar masa kafa a can ƙololuwa inda iska mai zafi za ta fice. In da hali a zaɓi ɓangaren gabas, shuka ta sha hantsi, bangon sito ya tare mata zafin la'asar. Wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatir a Kano da Katsina da Filato, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi game da fa'idar raga. Sai dai ƙurar hunturu takan toshe idanunta, don haka a riƙa wanke ta.

Sa'an nan a dubi ginin kansa, domin an yi shi ne bisa sharaɗin ya zauna a bushe, ga shi kuma za a haɗa shi maƙwabtaka da wurin da ake ban ruwa safe da yamma. Bangon tubali ba ya mutuwa daga sama, daga gindi yake ciwo: laima ta ratsa shi a hankali, gishirin ƙasa ya fito fari-fari, yaɓe ya fara zuba, gara kuma, wadda ba ta da abin so kamar danshi, ta bi ta cikinsa har ta kai ga azara, mai ɗaki bai sani ba sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta. Kuma duk wanda ya cire rufin rabin ɗaki, ya sani ya cire abin da ke ɗaure bangaye da juna. A kira magini ya duba tukuna, a kafa turakun ƙarfe masu ɗaukar ledar da kansu, a janye bedi daga jikin bango aƙalla kamu biyu, a yi magudanar da za ta kai ruwa waje. In kuwa bangon na tarayya ne, to haƙƙin maƙwabci ya shigo, kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa ba ya halatta mutum ya nemi amfanin kansa ta hanyar cutar da shi.

Rufin kuwa shi ne inda na fi jin tsoro. Ɗakuna da yawa na da, musamman a tsofaffin gidajen ma'aikata, an rufe su ko an yi musu silin da fallen asbesto, wannan mai launin toka da ke kama da siminti. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an fasa shi da guduma, ko an yanka shi da zarto, ko an huda shi, sai ya saki ƙura mai siraran zaruruwa da ido ba ya gani, waɗanda in suka shiga huhu ba sa fita, kuma cutar da suke haifarwa, har da sankara, takan ɓoye shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, lokacin da babu mai tuna ranar da aka yaye rufin. Ingila ta haramta shi ɗungurungum a 1999. Wanda ya zama dole ya sauke shi, ya jiƙa shi da ruwa, ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya sauko da falle sukutum, ya rufe hancinsa da takunkumi na ƙwarai, ya kori yara daga wurin, kada a share ƙurar da tsintsiya a bushe, kada kuma ɓaraguzan su zama cikon hanya ko murfin akurkin kaji.

Saura batun shamaki tsakanin ɓangarorin biyu, wanda mutane suka fi rainawa, alhali laimar ɗakin raino tana cin fartanya da tsatsa, tana narkar da buhun yuriya ya dunƙule, tana sa iri ya ruɓe a ma'ajiyarsa. Mafi muni ita ce ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake, wadda ake sayarwa da suna Phostoxin, domin ɗabi'arta ce in ta ji danshi ta saki iska mai guba, wadda ke iya halaka mutum a rufaffen ɗaki. Ita da fiya-fiya da sauran magungunan feshi, mazauninsu akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a bisa kanta, cikin kwalabensu na asali. Jarkar fetur ta injin ban ruwa kuma a nisanta ta daga taki da zafin leda. Shamakin ya zama bango na sosai har sama, kowane ɓangare da ƙofarsa ta waje, sito kuma da tagarsa, kada a bar kowa, ko mai gadi ko almajiri, ya riƙa kwana a ciki. Kafin a fara fitar da tarkacen ma, a bubbuga su da doguwar sanda, domin tsohon ɗaki mai duhu kusa da ruwa masaukin kububuwa ne da kunama.