Sawun Kabon a Kwandon Cefane: Alaƙar Abinci da Sauyin Yanayi

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka ambaci ɗumamar yanayi, hankali yakan tafi ga hayaƙin masana'antu da na motoci, ba kasafai ake tuna tukunya ba. Sai dai binciken Poore da Nemecek (2018), wanda ya tattara bayanan gonaki fiye da 38,000 a ƙasashe 119, ya nuna cewa kimanin kashi 26 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya daga harkar abinci take fitowa. Wannan maƙala ta bayyana yadda hakan ke faruwa, da abin da yake nufi ga mai cefane a ƙasar Hausa.

2.0 Ma'anar Sawun Kabon

Sawu shi ne alamar da mai tafiya ya bari bayan wucewarsa. Don haka sawun kabon na abinci shi ne jimillar iska mai ɗumama duniya da aka saki tun daga sharar gona, zuwa noma, sarrafawa, sufuri da sayarwa. Iska uku ce kan gaba: ta kabon, wadda ƙona mai da sare daji ke haifarwa, ta mitan, wadda ke fita daga gyatsar dabbobi masu tuƙa da kuma fadamun shinkafa da ruwa ya kwanta a kansu, sai ta naitiros, wadda yawancinta daga taki ne. A tsawon shekara 100, mitan ta ninka kabon wajen riƙe zafi kusan sau 28. Saboda haka akan mayar da dukkansu bisa ma'aunin kabon domin sauƙin kwatance.

3.0 Bambanci Tsakanin Nau'o'in Abinci

Bisa matsakaicin lissafin duniya, kilo ɗaya na naman shanu yana barin sawun da ya kai kilo 60, naman tumaki 24, kaji 6, shinkafa 4, masara kuwa kimanin 1. Dangin wake ma sawunsu ƙanƙane ne, domin saiwoyinsu na tara sinadarin naitirojin a ƙasa, abin da ke rage buƙatar takin zamani.

Akwai zaton cewa nisan da abinci ya yi kafin ya iso kasuwa shi ne babbar illarsa. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba, domin sufuri bai wuce kimanin kashi 6 cikin 100 na sawun abinci ba, in ban da kayan da ake ɗaukowa a jirgin sama. Nau'in abincin da yadda aka samar da shi sun fi nisan tafiyarsa tasiri. Sawun giwa ya take na raƙumi.

4.0 Cefane a Ƙasar Hausa

Shawarar da ake bai wa mai sayayya a Turai da Amurka, wato ya rage nama, ba ta hau kan Bahaushe kai tsaye ba. Nama a yawancin gidaje ɗanɗano ne a miya, ba shi ne cimar yau da kullum ba, kuma yara da masu ciki na buƙatarsa. Haka nan, lissafin naman shanu ya haɗa da na ƙasashe irin su Barazil, inda ake sare daji domin kiwo, alhali makiyayin Sahel yana kiwo ne a ƙasar da ba ta nomuwa da kuma kan karan gona bayan girbi.

Wuraren gyara a nan guda uku ne. Na farko shi ne sauyin cima. Gero da dawa suna jure ƙarancin ruwa, ba sa buƙatar fadama, amma a birane shinkafa da fulawar alkama, wadda akasarinta shigo da ita ake yi, suna ture su. Alhali Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman waken nan na gida, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa.

Na biyu shi ne asara. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin duniya yana salwanta. Tumatirin da aka cusa a kwando daga Kadawa zuwa Legas ya ruɓe a hanya, ruwa da taki da man da aka kashe masa sun tafi a banza. A nan hikimar kauɗa, busasshiyar kuɓewa, kuka da daddawa take bayyana, domin adana ce da ba ta dogara ga firji ba.

Na uku shi ne makamashi. Itace da gawayin girki suna cinye bishiyoyin yankin da hamada ke yi wa barazana. Jiƙa wake kafin dafawa da amfani da murhu mai tattalin itace suna rage wannan ɓarna.

5.0 Kammalawa

Kason Afirka a iskar kabon da ake fitarwa a duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba, amma fari da ambaliya sun fi yi mata illa. Don haka abin da ke gaban mai cefane a Kano ko Damagaram ba ƙuntata wa kai ba ne. Riƙo ne da tuwon dawa, fura, ɗanwake da kayan miya na lokacinsu, tare da sayen daidai abin da za a ci. Ga manazarta Hausa kuma, akwai aikin daidaita kalmomin wannan fanni da taskace dabarun adana abinci na gargajiya tun kafin masu saninsu su ƙare.