Fashin Baƙi: Me ake nufi da 1:2:4, kuma yaya mai gini zai gane an tauye masa siminti?

A watan Yulin 2024, ginin makarantar Saints Academy da ke Jos ya rufta ana tsaka da karatu, mutum 22 suka rasu. Duk lokacin da irin wannan ya faru, ingancin kankare na cikin abubuwan da ake fara tuhuma. Ingancin kuwa ya dogara ƙwarai ga wani ɗan lissafi da ake koyarwa tun firamare, wato reshiyo.

Reshiyo hanya ce ta nuna gwargwadon wani abu idan aka jera shi da wani. Idan injiniya ya rubuta 1:2:4, yana nufin awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Tsarin jerin yana da muhimmanci, domin sauya wa lambobin wuri sauya haɗin ne baki ɗaya. Haka kuma dole ma'aunin ya zama iri ɗaya: ba a auna siminti da kwano sannan a auna yashi da baro.

Yadda ake lissafin

Da farko a tara lambobin: 1 da 2 da 4 sun ba da 7. Ke nan siminti kashi ɗaya ne cikin bakwai na haɗin, ba ɗaya cikin huɗu ba kamar yadda wasu ke zato.

Sai a raba jimillar kayan da 7. Idan aikin na buƙatar kwano 70 na busassun kaya, kowane kashi kwano 10 ne. Sannan a ninka: siminti kwano 10, yashi 20, tsakuwa 40. Magina kan ƙiyasta buhun siminti mai kilo 50 a matsayin kwano biyu, don haka buhu biyar za a kashe.

Inda ake ha'inci

Idan aka mayar da haɗin 1:3:6, jimillar ta koma 10. Kwano 70 ɗin nan zai ɗauki siminti kwano 7 kacal, wato buhu uku da rabi. An rage buhu ɗaya da rabi, alhali yawan kayan bai ragu a ido ba. Haɗin 1:3:6 yana da wurinsa, kamar shimfiɗar ƙasan tushe, amma ba shi aka saba ba ginshiƙi ko dakin mai ɗaukar nauyi ba.

Mai gini na iya tantancewa da kansa. Ya ƙirga abin da aka zuba wa buhu ɗaya. Idan yashi kwano 4 ne, tsakuwa 8, haɗin ya zama 2:4:8, wanda idan aka raba kowace lamba da 2 zai koma 1:2:4. Idan kuwa ya ƙirga yashi 6, tsakuwa 12, to 1:3:6 ake kwaɓa masa, ko da takardar kwangila ta ce wani abu dabam.

Lokacin ƙirgar shi ne kafin a zuba ruwa. Da zarar kankare ya daskare, sai gwajin ƙwararru ne zai bayyana ƙarfinsa.